Ranar da Fatimatu Ta Sauya Layi

Shekara talatin da takwas ke nan da Fatimatu ta haifi ɗanta na fari, kuma duk tsawon shekarun nan babu wanda zai bugi ƙirji ya ce ya taɓa jin sunan yaron a bakinta. Zulkifilu aka raɗa masa. Ita kuwa Ɗan Goggo take ce masa, domin ranar da aka yaye shi goggonsa ta ɗauke shi, kamar yadda ake yi wa ɗan fari a rugarsu. Ko Ɗan Goggon ma ba ta faɗa sai ta kama dole. In ya shigo ta gabas, sai ta tuna tana da aiki a yamma. In ya durƙusa gaishe ta, ƙwaryar da ke gabanta take kallo ta amsa. Lokacin da ya yi zazzaɓin da ya kusa tafiya da shi, yana ɗan shekara tara, kwana huɗu ba ta sa komai a cikinta ba, amma ko sau ɗaya ba ta leƙa bukkar da yake kwance ba. Har gobe matan ruga suna ba 'ya'yansu wannan labari in suna son nuna masu abin da ake kira kunya. Ita kuma, in za a faɗi gaskiya, tana jin daɗin ana ba da shi.

Rugar tana bayan Tungar Marke, wani ɗan ƙauye a ƙasar Goronyo, ba nisa da Taloka. Tsakaninta da gulbi akwai burtali guda ɗaya, hanyar da shanu ke bi su je su sha ruwa. A zamanin da aka kawo Fatimatu amarya, garke biyu kan gitta juna a cikinsa ba ƙahon da zai taɓa ƙaho. Yanzu gonakin albasa sun matse shi ta dama da hagu, har makiyayi sai ya jera shanunsa ɗaya bayan ɗaya. Gonakin gefen biyu kuwa duk sun koma hannun Alhaji Mode, dillalin albasar da motocinsa ke lodi a kasuwar Goronyo, kuma ba ya ɓoye wa kowa cewa ɗan zirin ƙasar nan da ya raba masa gona biyu yana tsone masa ido.

Sai ƙaramar hukuma ta sanar cewa bayan zaɓe za ta turo a kafa turakun siminti a kan iyakar kowane burtali, kuma kansilan mazaɓa ne zai shiga gaba ya nuna wa ma'aikata inda za su haƙa. Nan kowa ya gane cewa maganar ta koma kan ɗan yatsan mutum ɗaya. In ya nuna tsohuwar iyaka, ruga ta zauna. In ya ce shi bai san da wani burtali a nan ba, shanu ba su da hanyar ruwa, kuma rugar da ba ta da hanyar ruwa sai ta naɗe bukkokinta. Fatimatu kuwa a nan mijinta yake kwance, ƙarƙashin wata aduwa, kuma ta riga ta zaɓi wurinta kusa da shi.

Mutum biyu suka fito neman kujerar. Na farko Zulkifilu, wanda ya yi boko ya zama malamin dabbobi, kuma babu garken da bai taɓa yi wa allura ba daga nan har iyakar Wurno. Na biyu Maigandi, manomi mai fara'a wanda ba shi da mugun hali ko ɗaya, sai dai Alhaji Mode ne ya buga masa fosta, ya saya masa babur, ya ɗinka masa babbar rigar da yake yawon neman jama'a da ita. Jam'iyya ɗaya ce ke da mutane a mazaɓar, saboda haka duk wanda ta tsayar ya gama, zaɓen da zai biyo baya cika sharaɗi ne kawai. Dattawa suka zauna sau uku a zauren maigari don a yi maslaha, ba wanda ya janye. Daga ƙarshe aka ce to a yi ƙato bayan ƙato: kowane ɗan takara ya tsaya a fili, mai son sa ya tsaya bayansa da rana tsaka, a ƙirga kawuna.

Abin da ya ƙara dagula wa Fatimatu lissafi shi ne Kulu, uwar Maigandi. Mako ɗaya suka haihu, ita a ruga, Kulu a cikin gari, kowacce ɗan fari. Tun daga lokacin suka ƙulla ƙawance. Fatimatu ba ta shiga gari da tallan nono ba ta sauke ƙwaryarta a tsakar gidan Kulu ba, Kulu kuma ba ta buɗe sabon rumbu ba ta aika mata da damin farko ba. Sun yi faɗa ya fi a ƙirga, a kan gishiri, a kan waye ya fi wani tsufa, amma ba su taɓa kwana uku ba su ga juna ba. Da aka fara maganar takara, sai suka yi abin da tsofaffin da suka san kansu ke yi, wato suka ƙi tayar da ita sam.

Ana gobe zaɓe, bayan la'asar, Zulkifilu ya zo ruga. Ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa bayan uwarsa, wadda nan take ta duƙufa wankin wata ƙwarya da ta riga ta wanke. Bai yi mata magana kai tsaye ba, ya san ba za a yi haka ba. Maimuna ya fuskanta, matar ƙanen ubansa, wadda ta daɗe tana zama gada tsakaninsu.

"Inna Maimuna, mazan gari sun hi namu yawa, rabin namu suna daji da bisashe. In mata ba su hito gobe ba, ba mu da sauran magana. Kuma kin san ba su hita in ba su ga wadda suka bi ta hito ba."

Maimuna ta juya ta dubi Fatimatu. Fatimatu ta kife ƙwaryar, ta ɗauki wata.

"Ki gaya ma Ɗan Goggo mun ji," ta ce.

Ya tashi da murna, domin a wurin uwarsa wannan doguwar magana ce.

Washegari da hantsi filin makarantar firamare ya cika. 'Yan takara biyu suna tsaye a gaba, kowa riƙe da fostarsa a ƙirji, tsakaninsu taku ashirin, layukan maza sun miƙe bayansu har gindin dalbejiyoyi. Jam'iyya ta turo wani Malam Abdulƙadiri daga Goronyo, tsohon malamin makaranta mai tabarau, irin mutanen da ko a gidan suna sai sun karanta ƙa'ida. Ya hau benci da lasifika a hannu.

"Ku saurara da kyau, don ba ni maimaitawa. Wanda nit taɓa kahwaɗa tai, an ƙirga shi, magana ta ƙare. Wanda ka son sauya layi kahin in kai gare shi, shi zo gabana shi hwaɗi sunan wanda shika so, kowa shi ji. Ba ni son a ce an ja wani ko an tura wani."

Yana sauka daga benci matan ruga suka ɓullo ta bayan azuzuwa, su hamsin da uku, Fatimatu ta hamsin da huɗu a gaba. Ta sa zanen saƙinta na fita unguwa, ta ɗaura kallabi, tana tafe da sandarta. Niyyarta ɗaya tun daga gida, ta tsaya bayan ɗanta. Amma da ta shigo fili ta ga idon gari duka ya juyo kanta, ta hangi ƙeyarsa, ta tuna cewa yanzu za ta taka a gaban maigari da liman da surukai da yara ta je ta tsaya ta ce wa duniya nawa nake so, sai ƙafarta ta ƙi. Ta ce a ranta, ƙuri'a ɗaya me za ta rage masa? Mata hamsin da uku ai sun ishe shi. Ita bari ta yi wa ƙawarta kara, kamar yadda duk 'yar mutunci za ta yi. Ta karkata hagu, ta je ta tsaya a ƙarshen layin Maigandi, ta kafa sandarta, ta sunkuyar da kai.

Da ta ɗan saci kallo wancan layin, wa za ta gani? Kulu, tsaye bayan Zulkifilu, ita da wasu tsofaffi shida na cikin gari. Ashe ita ma abin da ya kama ta ke nan. Suka haɗa ido, kowacce ta danne dariya da bakin mayafi. Fatimatu ta ji zuciyarta ta yi sanyi. Ga ta ta fita kunya, ga ƙawarta ta rama mata, wa ya kai su sanin ya kamata?

Sai ta ji ana tafi. Mutanen Alhaji Mode ne, suna tsalle suna rungumar juna, shi kansa Alhajin ya fito daga inuwar motarsa yana dariya har hularsa na neman faɗuwa. Ta yi mamaki. Tsohuwa ɗaya ce ake yi wa wannan rawar kai? Ta waiwaya, abin da ba ta saba yi ba, domin shekara da shekaru ita ke gaba a hanyar talla kuma ba ta taɓa buƙatar duba ko ana biye da ita ba.

Suna nan bayanta. Duka hamsin da ukun, a jere, kowacce ta sunkuyar da kai yadda ta ga ta yi.

Ta kamo hannun Maimuna, wadda ke daf da ita, ta yi ƙasa da murya.

"Mi kunka zo yi nan? Wa yac ce ku biyo ni? Ku koma can."

"Yaya, inda kinka tsaya nan muka tsayawa."

"Ni kara nika yi ma Kulu. Ku ba ku da wannan nauyi. Ku tahi, don Allah."

Maimuna ta girgiza kai. "Mu tahi mu bar ki ke ɗai cikin layin mutane? Gobe a ce mun hi uwa tai son shi? Ɗanmu na duka, Yaya. In ke kin ji kunya tai, mu wace irin huska muka da ita da za mu tsaya baya nai?"

Ta dubi sauran. Babu wadda ta motsa. Yawancinsu ita ta yi masu wankan jego, ita ta koya masu yadda ake kau da kai daga ɗan fari. Yau ga karatun ya zauna daram, ya zo zai kore su daga ƙasarsu. Fatimatu ta ji haushin kanta irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta ji tsoro kuma, tsoro na gaske.

Malam Abdulƙadiri ya riga ya fara da layin Maigandi. Yana tafe yana taɓa kafaɗu, wakilan 'yan takara biyu suna biye da shi suna amsawa. "Ɗari da casa'in da ɗaya. Ɗari da casa'in da biyu." Saura maza kamar ashirin ya iso kanta. Ta sake duban wancan layin. Zulkifilu bai waiwayo ba, amma ta ga fostar da ke hannunsa ta sauko daga ƙirji zuwa gwiwa. Ba ta taɓa yarda ta kalle shi tsawon haka ba, sai yau ta lura furfura ta fara fito masa a ƙeya, daidai inda ta fara fito wa ubansa.

"Ɗari biyu da bakwai."

Ta zare sandarta daga ƙasa. Ta fita daga layi.

Taku ashirin ne tsakanin layukan, amma ta ji su sun fi mata tafiyar Goronyo a ƙasa da kaya a ka. Filin ya yi tsit. Ba ta kai rabi ba wakilin Maigandi ya ɗaga hannu.

"Malam, ƙa'ida. Kai kac ce sai an hwaɗi suna."

Malam Abdulƙadiri ya tsaya, ya gyara tabarau, ya tako har gabanta da takarda a hannu. Ya rusuna kaɗan, don ya ga tsufanta.

"Inna, wa kika so?"

"Wancan," ta ce, ta nuna da sanda ba tare da ta ɗaga kai ba.

"Suna nika son ji, Inna."

"Ɗan Goggo."

Ya duba takardarsa sama da ƙasa. "Babu mai wanga suna nan. Suna biyu ag gare ni. Ki hwaɗi ɗaya, ko ki koma inda kinka hito in ƙirga ki."

Wani dattijo ya matso yana cewa, "Malam, ɗan hwarinta na, ka yi hanƙuri," amma wakilin Maigandi ya ce ƙa'ida ba ta san ɗan fari ba. Alhaji Mode ya harɗe hannu yana murmushi. A garin aka haife shi, ya san Fatimatu, ya san labarin zazzaɓin nan na kwana huɗu, kuma ya tabbata matar da ta iya wancan ba za ta karye a kan kujerar kansila ba. Ita ma ta san abin da yake tunani. Ta tuna aduwar nan da abin da ke ƙarƙashinta. Ta tuna yadda ake kwance bukka, a ɗora sandunanta a kan jaki. Ta ɗaga kai, ta dubi Malam Abdulƙadiri tsakar ido, ta buɗe baki da muryar da take kiran nono da ita, wadda ake ji daga wannan unguwa zuwa waccan.

"Zulkifilu."

Fostar ta suɓuce daga hannun ɗanta ta faɗi ƙasa. Bai sunkuya ya ɗauka ba, bai kuma waiwayo ba.

Maimuna ce ta fara rangaɗa guɗa. Daga nan layin mata ya ɓalle. Suka zo gaban Malam Abdulƙadiri ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta faɗi sunan ta wuce, har da waɗanda sunan surukinsu ne, har da wata mai mijin da ake kira haka, wadda ta faɗa da gudu hannu a fuska. Sau hamsin da uku malamin ya ji sunan, har ya gaji ya riƙa ɗaga masu hannu tun kafin su ƙarasa.

Fatimatu ta isa ƙarshen layin ɗanta, ta tarar da Kulu tana jiran ta, ta riƙe ƙugu.

"To, Bahillata, yau kin zubda muna kunya gaban gari," in ji Kulu, idonta cike da hawaye tana dariya. "Tunda hakanan na, ni ma bari in tahi ga nawa, kar shi tsaya babu uwa."

"Tahi, Kulu. Allah shi ba mai rabo."

Kulu ta ja tsofaffinta shida suka tsallaka. Ita ta yi sa'a, domin Maigandi laƙabi ne, kuma shi aka rubuta a takarda, saboda haka ta faɗe shi a sauƙaƙe ta wuce. Amma tafiyar mutum bakwai ta sa zuciyar Fatimatu ta sake tsinkewa, don ba ta san ko abin da ya rage zai isa ba.

Malam Abdulƙadiri ya ƙarasa layin Maigandi, ya rubuta ɗari biyu da ashirin da ɗaya. Ya dawo kan na Zulkifilu. Maza suka ƙare a ɗari da tamanin da ɗaya. Ya taɓa kafaɗar Fatimatu, ya ce ɗari da tamanin da biyu, ya wuce cikin mata. Ba ta yi boko ba, amma wadda ta shekara arba'in tana ƙirga shanu da maraice ba a koya mata lissafi. Tana biye da shi a zuci har ya ce ɗari biyu da ashirin da biyu, alhali da sauran kallabi goma sha uku a gabansa. Nan ta saki numfashi, ta ji wani farin ciki ya cika ta har ta rasa inda za ta sa shi, sai ta zauna a ƙasa inda take.

Filin ya kaure. Samari suka ɗaga Zulkifilu sama. Da suka sauke shi, Maigandi ne ya fara zuwa ya ba shi hannu, ya ce masa a kunne shi ma dama burtalin nan yana hana shi barci. Alhaji Mode bai jira an karanta sakamako ba, ya shiga motarsa.

Bayan wata biyu, an yi zaɓen gama gari na ƙananan hukumomi an rantsar da kansiloli, motar ma'aikata ta zo da turakun siminti. Zulkifilu ya shiga gaba, ya nuna tsohuwar iyaka tun daga bakin ruga har gulbi, maigari da dattawan manoma suna biye suna shaida. Ranar da yamma garke biyu suka gitta juna a cikin burtali, mai zuwa da mai dawowa, yaran da ba su taɓa ganin haka ba suka hau turaku suna kallo.

Daga wurin aikin Zulkifilu ya wuce ruga, ƙafarsa duk laka. Ya tuɓe takalmi daga nesa, ya durƙusa bayan uwarsa. Ita kuwa ta jawo ƙwarya ta fara wanki, kamar babu abin da ya taɓa faruwa.

"Maimuna, a dama ma Ɗan Goggo hura," ta ce.

Ya yi murmushi. Ya daɗe yana riƙe da wata magana, yau ya ga bari ya sauke ta. Ya fuskanci Maimuna.

"Inna Maimuna, ki gaya mata, ni da na ɗauka ta mance shi. Sunan."

Hannun Fatimatu ya tsaya a cikin ƙwarya. Daga burtali ana jin kukan shanun da suka sha suka ƙoshi suna hawowa gida. Ba ta juyo ba.

"Ki gaya mai," ta ce, "kullum asuba, in na gama salla, sai na hwaɗe shi, tun ranar da anka raɗa mai shi. Ba shi nika gaya ma ba, shi as sa bai ji ba."